Masana'antar Fim Tana Cinye Irin Shukarta

A ƙarshen shekarar 2021 na shiga sinima kallon fim ɗin Spider-Man da aka dawo da jarumai biyu waɗanda suka taɓa hawa matsayin a shekarun baya. Da na farkonsu ya yaye abin rufe fuskarsa, tun bai gama buɗe baki ba, ɗakin ya kaure da tafi da shewa. Wani ma har miƙewa ya yi. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba. Sai na ji wani yaro a layin da ke gabana, wanda bai fi shekara 9 ba, ya juya ya ce da mahaifinsa, "Baba, wane ne wannan? Me ya yi?" Uban ya ce masa ya yi shiru, in an fita zai yi masa bayani.

Har yau tambayar yaron nan ba ta bar ni ba, domin shi kaɗai ne a ɗakin yake kallon abin da ke kan allo. Mutumin bai yi komai ba. Fitowa kawai ya yi. Mu manya, wani fim da muka gani muna samari muke tafa wa, wanda yake zaune a cikin kawunanmu tun kafin mu sayi tikiti. Kayanmu aka sake sayar mana, muka biya muna murna. Fim ɗin kuwa ya tara kusan dala biliyan 1.9 a duniya.

Duk wanda ya duba finafinai 10 da suka fi kawo kuɗi a duniya a 2024 zai ga inda aka kwana. Tara daga cikinsu ci gaban wani fim ne da aka riga aka sani: kashi na biyu, na uku, na huɗu, ko labarin abin da ya faru kafin na farko. Wanda ya zo na ɗaya, Inside Out 2, ya haura dala biliyan 1.6. Ɗaya tilo da ba ci gaba ba shi ne Wicked, shi ma daga wasan dandali aka ɗauko shi, wasan da ake yi a New York tun 2003. Babu ko guda ɗaya da aka zauna aka ƙago labarinsa domin fim. A 1988 kuwa, fim ɗin da ya fi kowane kawo kuɗi shi ne Rain Man, labarin wa da ƙani a cikin mota suna tafiya suna gardama. Ba wanda ya tashi sama a ciki, ba garin da aka rusa. A yau da wuya babban kamfani ya kai irin wannan labarin sinima da dukan ƙarfinsa, balle a ce ya zo na ɗaya.

Amma kafin in ci gaba da ƙorafi, bari in ba maimaici haƙƙinsa, domin masu cewa sake yin fim sabuwar cuta ce ba su san tarihin sana'ar ba. Tun finafinai ba sa magana ake yin haka. Ben-Hur na 1959, wanda ya lashe kyautar Oscar 11, maimaicin na 1925 ne. The Maltese Falcon na 1941 da ake ta yabo, shi ne karo na uku da aka mayar da littafin fim cikin shekara 10. Alfred Hitchcock da kansa ya sake yin wani fim nasa na 1934 a 1956. Scarface na 1983, da matasa da yawa ke ɗauka shi ne asali, akwai na 1932 a gabansa. Martin Scorsese ya shekara fiye da 30 yana fim bai taɓa samun Oscar ta darakta ba sai da The Departed na 2006, wanda aka ɗauko daga wani fim na Hong Kong da ya fito a 2002. A Indiya ma haka abin yake, an yi Devdas a 1935, aka sake a 1955, aka kuma sake a 2002, kowane zamani da nasa. Kashi na biyu kuma ba lallai ya zama ƙanin na farko a daraja ba: The Godfather Part II na 1974 ya ci kyautar fim mafi kyau, kuma har gobe ana gardama a kan wane ne ya fi tsakaninsa da yayansa.

Ai labari dama abin maimaitawa ne. Mai ba da labari ba ya jin kunyar ɗauko abin da kowa ya sani, gwanintarsa a yadda zai juya shi take. Da tsohuwar zuma ake magani. Lokacin da aka ɗauki labarin Akira Kurosawa na mayaƙan Japan bakwai da ke kare wani ƙauye, aka mayar da su 'yan bindiga a kan dawaki a 1960, an samu wani abu daban, da nasa ƙamshin. Haka Drishyam, da aka fara yi da harshen Malayalam a 2013 aka sake da Hindi a 2015, ya isa ga mutanen da ba za su taɓa ganin na farkon ba. Irin wannan maimaicin yana da dalilin zuwansa duniya. Wani ne ya ga tsohon labari ya ce akwai abin da ba a faɗa ba a cikinsa, ko akwai waɗanda ba a faɗa wa ba.

Wanda nake faɗa da shi dabam ne. Shi ne wanda dalilin yinsa kawai shi ne sunan yana nan a ajiye, kuma mutane sun san shi. A duba The Lion King. A zanen 1994, a wurin da ɗan zakin ya tarar da mahaifinsa kwance ba rai, fuskarsa ce ke ba da labarin gaba ɗaya: kunnuwa sun kwanta, idanu sun buɗe, hawaye na zuba, yana tura kansa ƙarƙashin hannun uban. Mai zane ne ya zauna ya ƙirƙiri wannan baƙin cikin da alƙalaminsa. A na 2019 an yi amfani da kwamfuta aka ƙera zakuna kamar na daji, har gashin jikinsu kana iya ƙirgawa. Sai dai zakin gaske ba ya yin fuskar tausayi. Ga murya tana kuka, ga fuska kamar ta dabbar da ke jiran rana ta yi sanyi. Kusan fage bayan fage aka bi tsohon, aka kashe maƙudan kuɗi wajen cire abin da ya sa aka so shi tun farko. Ya kawo sama da dala biliyan 1.6. To wa zai je ya ce wa kamfanin ya yi kuskure?

Nan ne ya kamata mai suka ya sauko daga kan dokinsa ya yi lissafi, domin ruwa ba ya tsami banza. A ce kamfani ya kashe dala miliyan 200 wajen yin fim. Talla a faɗin duniya za ta iya cin wata miliyan 100 ko fiye. Kuɗin tikiti kuma ba duka ne ke dawo masa ba, gidajen sinima na riƙe kusan rabi, a Sin ma abin da ke dawo wa kamfanin waje bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ke nan sai fim ɗin ya tara wajen miliyan 600 kafin a ce an mayar da uwar kuɗi. Wanda zai sa hannu a wannan takardar ma'aikaci ne, yana da masu hannun jari a kansa, kuma ya san in abin ya nutse da shi zai nutse. In ya zuba kuɗin a kashi na biyar na fim ɗin da kowa ya sani ya faɗi, zai ce kowa ma da haka zai yi. In ya zuba a sabon labari ya faɗi, shi kaɗai ne mai laifi. Kowa ka ɗora a kujerar nan, abin da zai zaɓa ke nan. Sanannen suna rabin talla ne da aka riga aka biya, kuma yana tsallaka iyakar ƙasa ba tare da tafinta ba.

Akwai kuma abin da ya mutu a tsakiya ba a yi masa zaman makoki ba, wato faifan DVD. A da, fim yana da rai biyu. In bai yi kasuwa a sinima ba, bayan 'yan watanni zai fito a kaset ko faifai, mutane su saya ko su yi haya, gidajen talabijin su biya su nuna. The Shawshank Redemption na 1994 bai yi abin kirki a sinima ba, ta hanyar kaset da talabijin ya zama abin da ya zama. Jarumi Matt Damon ya yi wannan bayanin a wata hira a 2021, inda ya nuna cewa kuɗin faifai ne ke ba furodusa ƙarfin halin yin fim mai matsakaicin jari, kuma da wannan kuɗin ya ƙafe, irin finafinan suka zama caca. Wannan matsakaicin fim ɗin, na dala miliyan 30 zuwa 60, na soyayya ko kotu ko barkwanci ko rikicin iyali, shi ne makarantar sana'ar. A nan sabon darakta ke koyon riƙe babban aiki, a nan jarumi ke zama tauraro da sunansa, ba da rigar da ya sa ba. Yanzu abin ya koma ko ƙaramin fim na miliyan 5, ko dodo na miliyan 250, tsakiyar ta zama kango.

Manyan kamfanonin kuwa tuni suka nuna abin da suke saye. Disney ta sayi Pixar a 2006 a kan dala biliyan 7.4, ta sayi Marvel a 2009 a kan kusan biliyan 4, ta sayi Lucasfilm a 2012 a kan kusan haka, sannan ta haɗiye yawancin 21st Century Fox a 2019 a kan sama da biliyan 71. Amazon ta sayi MGM a 2022 a kan kusan biliyan 8.5. Ba kyamarori ko gine-gine aka biya wa wannan kuɗin ba. Sunaye aka saya, da ikon sake amfani da su. Wanda ya sayi saniya da irin wannan tsadar kuwa tatsa zai yi, ko da nonon ya fara zuwa da jini. Wani lokacin ma ba don 'yan kallo ake yin fim ɗin ba. A farkon shekarun 1990 an yi wani fim na Fantastic Four da kuɗi kaɗan a gurguje, lokacin da wa'adin haƙƙin mallakar da furodusan ke riƙe da shi ya kusa ƙarewa, kuma har yau ba a taɓa sakin sa a hukumance ba. Fim ne da aka yi domin lauyoyi.

Duk da haka, lissafin nan na cewa tsohon suna ba ya asara ya fara tsagewa. Fim na biyar na Indiana Jones a 2023 ya ci wajen dala miliyan 300 wajen yi, abin da ya tara bai kai miliyan 400 ba. The Marvels a shekarar ya tsaya a kusan miliyan 200, mafi ƙanƙanta a duk jerin finafinan kamfanin Marvel. Joker na 2019 ya haura biliyan 1, na biyunsa a 2024 bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Snow White na 2025 ma haka ya sha ƙasa. A Indiya, wanda ya yi ƙoƙarin sake Sholay a 2007 har yau ana ba da labarinsa a matsayin abin da ba a so ya samu mutum. Abin mamakin shi ne yadda ake fassara faɗuwar. In sabon labari ya faɗi, sai a ce ga shi nan, mutane ba sa son sabon abu. In kashi na biyar ya faɗi, sai a ce daraktan ne bai iya ba, a bari a huta shekara uku a sake daga farko da wasu jaruman.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu 'yan kallo ba mu da bakin magana sosai. Sau nawa na tsaya gaban allon jerin finafinai, ga wani sabo da na ji ana yabo, ga kuma kashi na kaza na wanda na san ba zai ba ni mamaki ba, na ce a raina wancan ai zai zo intanet, bari in jira? Na yi haka ba sau ɗaya ba. Tikiti ya yi tsada, fita ɗawainiya ce, mutum yana son ya tabbata abin da zai biya wa. Hujjar kamfani ce dai, a ƙaramin ma'auni. Mukan zagi shugabannin kamfanoni da tsoro, alhali da irin tsoronsu muke sayen tikiti. A 2025 Pixar ta fito da sabon labari, Elio, ya yi buɗewa mafi rauni a tarihin kamfanin, shekara ɗaya bayan Inside Out 2 nasu da na ambata a sama ya kafa tarihi. Wane darasi muke zaton za su ɗauka daga wannan?

Za a ce ai sabbin labarai ba su mutu ba, gida suka sauya, suna nan a Netflix da 'yan'uwanta. Gaskiya ne, ana yin su da yawa ma. Amma fim ɗin da aka saki ranar Juma'a a cikin dubban wasu, aka kalle shi da waya a hannu ana amsa saƙo, zuwa Laraba an manta da shi, da wuya ya zama abin da al'umma za ta riƙe shekara 30. Abin da ke mayar da fim gado shi ne mutane da yawa su gan shi a lokaci guda, su fito suna gardama, yara su riƙa kwaikwayon maganganunsa. Wannan a sinima ya fi faruwa, kuma sinimar ce aka bar wa masu lamba a ƙarshen suna.

Da Scorsese ya ce a 2019 finafinan Marvel sun fi kama da wuraren wasan shaƙatawa, an yi masa caa. Ni ban bi shi duka ba, domin akwai masu kyau a cikinsu, kuma nishaɗi ba zunubi ba ne. Amma a rubutun da ya yi bayan haka a jaridar New York Times ya taɓo abin da ya fi damuna, wato rashin kasada, da kuma yadda waɗannan finafinan suka mamaye allunan sinima har sauran suka rasa wurin tsayawa. A fim ɗin da ka san an riga an sa ranar fitowar na gaba, jarumi ba zai mutu ba. In ma ya mutu, zai dawo. Fast & Furious ya fara a 2001 da samari masu tseren mota a titi suna satar kayan lantarki. Zuwa 2021 an harba mota sararin samaniya da mutane biyu a ciki. Idan ba za a iya ƙare labari ba, abin da ya rage kawai shi ne a riƙa hura shi.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa sabon abu ba ya sayuwa. Get Out na 2017 an yi shi da dala miliyan 4.5, ya tara sama da miliyan 250. Parasite na Koriya ta Kudu ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci babbar kyautar Oscar, a 2020. Oppenheimer, awa uku ana yawan magana a kan masanin kimiyya, ya kusa taɓa biliyan 1 a 2023. Sinners na Ryan Coogler a 2025, labarin da ba wanda ya taɓa jin sa, ya haura miliyan 350. Fim ɗin da ya fi kowane tara kuɗi a tarihi, Avatar na 2009, ba ci gaban kowa ba ne lokacin da ya fito. Sai dai a lura da yadda mafi yawan waɗannan suka samu shiga: ko dai kuɗinsu kaɗan ne har ba wanda ya damu, ko kuma daraktan ya riga ya zama suna da kansa. Coogler sai da ya yi Creed da Black Panther, ya kawo wa kamfanoni biliyoyi da kayan wasu, kafin a amince masa ya yi nasa da babban jari. Wato ko mai sabon labari sai ya yi bauta a gonar maimaici kafin a ba shi fili.

Abin da ke ba ni tsoro a dukan lamarin shi ne kowane suna da ake tatsa a yau, wata rana baƙo ne da wani ya yi kasada a kansa. Star Wars a 1977, kamfanoni sun ƙi shi kafin Fox ta karɓa. Toy Story a 1995 shi ne dogon fim na farko da aka zana shi gaba ɗaya da kwamfuta, ba wanda ya san ko mutane za su zauna masa. The Matrix a 1999, John Wick a 2014, duk haka. Manomi komai yunwar da ake yi ba ya taɓa irin da ya ware, domin ya san damina na tafe. Kamfanonin nan kuwa sun buɗe rumbun da magabatansu suka cika, suna ɗiba suna ci, abin da suke mayarwa bai kai abin da suke fitarwa ba. Yaron nan da ya tambayi babansa a sinima, in ya kai shekara 40, me za a dawo masa da shi ya tafa? Maimaicin maimaici?

Ana ma iya jin ƙarar kwano yana taɓa ƙasan rumbun, in aka duba tazarar da ke tsakanin fim da maimaicinsa. Snow White ya jira shekara 88, daga 1937 zuwa 2025. The Lion King ya jira 25. Lilo & Stitch na 2002 ya jira 23. How to Train Your Dragon na 2010 an sake shi a 2025, shekara 15 kacal, kuma ɗaya daga cikin daraktocin na farkon ne ya sake yi. Moana ya fito a ƙarshen 2016. A watan Afrilun 2023 Disney ta sanar da cewa za ta sake yin sa da mutane na gaske, lokacin bai cika shekara 7 ba, yaran da suka fara kallon sa a sinima ko sakandare ba su gama ba.